Tsuntsayen Malam Abel a Wurin Biko

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, a ita matata Zaituna ta yi yaji zuwa gidansu a Mungadi. Laifina, in ji ta, ko gaisuwa ta yi mini sai na amsa da farashin albasa. Ban musa ba. Na dai yi mata bayanin awa guda, ta ɗaure kayanta ina tsakiyar bayanin.

Ranar kasuwar Jega na haɗu da Malam Abel, mutumin Tanzaniya da ke koyar da zane a wata sakandare. Ya jingina allunansa a bango: raƙuman dawa sun sarƙe wuya, giwaye sun haɗa hanci. Na tsaya ina mamakin mutum da gemunsa yana ɓata fenti a kan namun daji.

Ya ce duka ƙauna suke nufi. Ya nuna mini wasu tsuntsaye biyu masu jan baki, kafaɗa da kafaɗa a kan reshe. A ƙasarsu, in ji shi, irin waɗannan ba sa rabuwa.

Sai na sayi allon, na tafi biko da goro, da allon nan a hammata, tun daga garinmu Aliero.

Surukina Baba Maiwada ya juya allon, ya ƙura masa ido. Na manta shaf cewa bara jan-baki, tsuntsayen nan masu sauka kamar hadari, sun cinye masa gero tas.

"Mi na na?" ya ce. "Ɓarayin geron nawa ka kawo min in gaishe su?"

"Baba, alamar ƙauna ce."

"Ƙaunar gero dai."

Na buɗe baki zan fara bayani, Zaituna ta miƙo hannu daga bayan labule ta karɓi allon. Ta duba shi da kyau.

"Baba, ba su ba ne. Jan-baki ba su zuwa biyu-biyu." Sannan ta ce da ni, "Malam, wanne ne namijin?"

Ban tambayi Abel ba. Na leƙa: ɗaya baki buɗe, ɗaya baki rufe. Karo na farko a rayuwata na yi tunani kafin magana.

"Wanda ya yi shiru."

"To," ta ce, "bari in ɗauko mayafina. Mu ga ko zai kai Maiyama a haka."

Na wuce Maiyama baki rufe, na kai har Jega.