Haƙorin Malam Yahuza

"Danne da ƙarfi, Malam Iliyasu, kar ka saki!" in ji Kulu daga gaban mota.

Na ƙara danna tsumman a bakin mijinta, amma jini ya riga ya jiƙa shi har yana bin hannun rigata. Malam Yahuza, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Sara, yana kwance a cinyata, jikinsa sanyi ƙalau. Direba yana ta gudu a hanyar Birnin Kudu, ni kuwa bakina ya kasa gama salati ɗaya.

Haƙori ne fa kawai. Ran kasuwa mai cire haƙori ya fizge masa turmin haƙorin da ya daɗe yana damunsa. Jinin ya tsaya, har ya sha kunu, ya leƙa gonar dawarsa. Washegari da hantsi sai jinin ya ɓalle. Ya tsaya, ya sake ɓallewa. Aka gwada gishiri, aka gwada bagaruwa. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya sannan ya yarda a kai shi asibiti.

A asibiti likitar, wata siririya mai tabarau, ta duba bakinsa ta juyo ga Kulu. "Inna, a danginsa akwai wanda jini ya taɓa yi wa haka?"

Kulu ta ce, "Ƙanensa wajen kaciya ya rasu. Yayarsa Lailatu kuma bayan haihuwa, har an fara zuwa barka."

"To," in ji likitar. "Jiki kan daskarar da jini ya toshe ciwo, in ciwon ya warke ya narkar da gudan. Akwai abin da ke riƙe mai narkarwar sai lokaci ya yi. Ina zaton shi ya gaji rashin wannan, shi ya sa toshiyar ke narkewa tun ciwo na ɗanye. Muna da allurar da ke hana narkewar."

Aka yi masa, aka ɗaura masa jini, har da nawa. Kafin azahar bakinsa ya bushe. Amma abin da ya zuba a gida ya yi yawa, zuciyarsa ta gaji. Ya buɗe ido ya ce, "Iliyasu, tsuntsaye na cin dawar nan." Ana kiran la'asar ya cika.

Muna shirin fita da gawa, likitar ta tare ni. "Baba, ba lalle 'ya'yansa sun gada ba, amma a kawo su a gwada. In akwai mai ciki, kar ta haihu a gida."

Babbar 'yarsa Nasiha cikinta ya tsufa.

Bayan jana'iza na same ta a soro na faɗa mata, ban rage komai ba.

"Gobe mu je, Baba?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗora hannu biyu a kan cikin, tana kallon kaji suna tsattsagar gero a tsakar gida.