Minti Tamanin da Bakwai

Mai shagon ya jera dikoda biyu a kan kanta, ya hau zuba kamar 'ya'yan kanya. Babbar, in ji shi, tasha shida take naɗa a lokaci guda, ta kuma watsa wa kowane ɗaki har da waya. Maigida na kallon labarai a falo, yara na nasu a ɗaki, ba mai rigimar rimot. Ƙaramar kuwa tasha biyu ce iyakarta, talabijin ɗaya ta sani, amma ba ta da laulayi.

Ta-Baba ta bar shi ya gaji don kansa. Sannan ta zaro tsohuwar dikodarsu daga jaka, ta tambaye shi wacce a cikin biyun za a iya juye wa abin da ke cikin wannan.

Ya ce ko ɗaya. Abin da akwati ya naɗa a kulle yake da shi, ranar da ya mutu tare za su tafi.

Ba ta zo da niyyar buɗe cikinta ga baƙo ba, amma sai ta ji bakinta yana faɗa. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, shekara uku ke nan tunaninsa na zubewa. Jikokinsa ma kallon baƙi yake musu. Abu ɗaya ya rage masa: kowace yamma a kunna masa wani wasan ƙwallo da aka naɗa tun yana da lafiya, inda ƙungiyarsa ta ci a mintunan ƙarshe. Shi kullum sabo yake ganinsa. To jiya hoton ya ƙame a minti tamanin da bakwai, tsoho ya zauna yana jira har idonsa ya kawo ruwa.

Mai shagon ya sosa ƙeya. Ya ce ta ɗauki ƙaramar, babbar kam ɓarnar kuɗi ce ga mai talabijin ɗaya, ta riƙa naɗar sababbin wasanni tana ajiye na nasara. Sai ya tambayi sunan ƙungiyar. Da ta faɗa, ya rufe baki da hannu.

“Hajiya, waɗannan bana ko 'yan firamare ba za su ci ba.”

Dariyar da ba ta shirya ba ta kuɓuce mata. Ta sayi ƙaramar. Ya ba ta shawara ta kafa waya a gaban talabijin ta ɗauki tsohon wasan, ko Allah zai sa akwatin ya kai ƙarshe sau ɗaya.

Ƙarfe huɗu ta jingina wayar da kofi a kan tebur, ta kunna tsohon wasan. Baba ya gyara zama, ya dafa gwiwa. Ita kuwa agogon kusurwar allo take kallo, tana addu'a a ranta. Tamanin da biyar. Tamanin da shida. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai bugo kwana, sai ƙafar ta tsaya a sama.

Baba ya juyo. “An ci mu ne?”

Ita da ba ta taɓa damuwa da ƙwallo ba, ashe wasan ya zauna mata a ka, don ta ji shi daga kicin ya fi sau dubu. Ta durƙusa a gefen kujerarsa, ta ɗaga murya irin ta mai sharhi. Ga kwana ta taso, gola ya fito ya naushe, ta dawo ƙafar mai lamba takwas, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya ɗaɗa ta ta gefen hagu, sai raga!

Tsoho ya miƙe tsaye yana tafi, yana dariya har da tari. Da ya zauna, ya kama hannunta, ya daɗe yana duban fuskarta.

“Baiwar Allah, kin iya. Gobe ma za ki zo?”

Ta ce masa za ta zo.