Ɗaya a Dama

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, benaye suna ta tashi a Abuja, wani kamfanin injiniyoyi a Garki ya ɗauki Nabilah aikin gwaji na wata uku. Ranar cikar wa'adin, ƙarfe goma na safe, za ta nuna wa darakta taswirar bututun ruwan da ta zana wa wata unguwa a Lugbe. In ya gamsu, a ba ta takardar aiki na dindindin. In bai gamsu ba, ta kama gabanta.

Taswirar tana da faɗi, sai an haɗa manyan allunan kwamfuta biyu da laftof ɗinta take fita gaba ɗaya. Tun jiya Thaddeus, mai gyaran na'urorin ofis, ya daidaita komai, ya manna lamba ɗaya da biyu a bayan allunan. Da safe Baba Yamusa, tsohon masinja, ya kai su ɗakin taro ya jera.

Tara da rabi Nabilah ta kunna. Alluna suka kawo, amma aiki ya rikice. Babban bututu ya tafi ya faɗa gefen allo, ya ɓullo ta inda babu gida ko ɗaya. Ta ja linzamin kwamfuta, kibiya ta kafe a tsakiya kamar jakin da ya ga ruwa.

"Thaddeus, ka cuce ni! Me ka taɓa?"

"Madam, ni ban taɓa komai ba. Wannan waya ne, shi ba shi da kyau."

Ya sauya waya, ya kashe laftof ya kunna, har ya hura ramin wayar da baki. Yaran yanzu ke nan: ciwo a ƙafa, su shafa magani a ka. Saura minti goma. Idon Nabilah ya ciko.

Baba Yamusa ya shigo da ruwan sha, ya tsaya yana kallonsu. "Ku daina dukan kaya, ba su ci muku komai ba. Matambayi ba ya ɓata. Akwai wanda ya tambaye ni yadda na ajiye su?"

Nabilah ta ce, "To yaya ka ajiye, Baba?"

"Yadda ya kamata mana. Ɗaya a dama, biyu a hagu."

Thaddeus ya leƙa bayan allunan, ya dafa kai. "Haba Baba! Ɗaya yana zama a hagu ne!"

"A gidanku? Tun ina riƙe allo daga dama nake fara rubutu. Takalmi ma dama ake fara sawa. Wane mai hankali ne zai fara da hagu?"

Nabilah ta yi dariya da hawaye. Thaddeus ya ɗaga hannun riga zai ciccibi allunan, ta ce, "Bari, wayoyin sun yi gajere, ga oga a tafe." Ta buɗe wurin saiti, ta ja hoton allo na ɗaya ta kai shi dama. Nan take bututu ya haɗu da ɗan'uwansa, tun daga tanki har gidan ƙarshe.

Darakta ya shigo, ya bi layin da yatsa daga wannan allo zuwa wancan, ya yi tambaya huɗu, ta amsa duka. Ya cire tabarau ya ce, "Injiniya Nabilah, Litinin ki tafi Lugbe da masu awon fili. Ki biya wurin sakatariya, takardarki tana can."