Ɗanyen Katako

Busasshen katako ya ƙare wa Kafinta, ga shi bencinan coci ko rabi bai yi ba. Matar fasto ta riga ta ja masa kunne: in Lahadi ta zo ba su cika ba, mai walda za a ba sauran aikin, a yi kujerun ƙarfe kowa ya huta. Abin da ya rage a rumfa ɗanye ne shar, yana jiƙa bakin zarto.

Yana tsaye yana harararsa sai ga ƙanen matarsa, wanda ake kira Gobe-Gobe, don tun yana saurayi yake yanka wa dawowar Almasihu lokaci, in ya wuce ya yanka wani.

"Yaya, wannan kallo fa? Katakon ya zage ka ne?"

"Ɗanye ne. In na buga shi yau, kafin damina ta fita ya banƙare, ƙusoshi su leƙo su riƙa yage wa mata zannuwa."

Gobe-Gobe ya yi dariya har da dukan cinya. "Wace damina? Buga abinka, kafin ya banƙare an busa ƙaho."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara na yi gaggawa."

"A rubuce yake, ba wanda ya san ranar."

"Ni na ce rana? Wata na ce."

Kafinta ya yi tsaki, amma maganar ta shige shi. In surukin nasa ya dace, ba mai ganewa. In bai dace ba, a ɗora wa zafin rana laifi. Ya jawo katako ya auna, ya ɗaga guduma. Sai hannun ya tsaya a sama.

"Tsaya tukuna. Shi mai zuwan, a gidan wa ya tashi?"

"Gidan kafinta mana."

"To ka ji! Kowa zan iya rufe wa ido da fenti, ban da shi. Yana shigowa zai ƙwanƙwasa bencin da yatsa, ya juyo ya dube ni. In ce masa me? Gobe-Gobe ne ya sa ni?"

"Haba Yaya, ran nan wa ke ta benci?"

"Ba ka san 'yan sana'armu ba. Ko gaisuwar mutuwa muka je sai mun taɓa ƙyauren ɗaki."

Ya jera katakon a inuwa, ya sa guntaye a tsakani don iska ta ratsa, sannan ya tafi ya faɗa wa matar fasto gaskiya.

"Yaushe zai bushe?" in ji ta.

"Ba zan yanka miki rana ba, Mama."

Nan take ta aika a kira mai walda.

Ran Lahadi Kafinta ya riga kowa zama a ɗaya daga bencinan da ya gama. Gobe-Gobe ya makara, kujerar ƙarfe ta bakin taga ce ta rage masa, wadda rana ta gasa tun safe. Yana zama ya zabura.

"Yi haƙuri, suruki," Kafinta ya raɗa masa. "Ai ka ce saura kaɗan."