Jan Kifi a Ƙofar Barira

Tsohuwa Kwong ta ɗaga almakashi har kusa da hancin Barira. "English?"

Barira ta riƙe ƙofa rabi a buɗe, idonta na kan matakala. "Scissors, Ayi." Haka ake kiran dattijuwa a garin, kamar a ce inna.

"Si-sa." Tsohuwar ta ninke jar takarda, ta dube ta.

"Fold."

Ta datse gefen takardar.

"Cut. Sai anjima, Ayi." Barira ta rufe ƙofa, ta sa sakata.

Bizarta ta ƙare, gasar Olamfik ta matso, 'yan sanda kuma na bi gida-gida a unguwar Guangyuan suna duba fasfon baƙi. Kayan da ta saro za ta kai Kano ko lodawa ba a yi ba. To, me tsohuwa mai tari za ta yi da Turanci? Tun da suke maƙwabtaka gaisuwa ce kawai, sai yanzu ne kullum bugun ƙofa, kullum leƙen ɗaki? Barira dai ba yarinya ba ce.

Ran nan ta dawo daga kasuwa ta tarar an liƙa mata kifi na jar takarda a ƙofa. Alama ce aka yi wa 'yan sanda, in ba haka ba mene ne? Ta yage shi. Daga ranar, in tsohuwar ta buga, sai Barira ta kashe fanka ta yi tsit. Tana jin tarinta da ƙarar almakashin a bakin ƙofa, har tsohuwar ta gaji ta koma.

Sai bugun ya ɗauke. Wata safiya Barira ta leƙa ta taga, ta ga ana fita da tsohuwar a lulluɓe.

Da aka sake bugawa, 'yar marigayiyar ce daga Kanada, riƙe da hannun wata ƙaramar yarinya.

"Ke ce malamar?" ta tambaya da Turanci. "'Yata ba ta jin yarenmu. Mama ta so ta koya mata yankan takarda da Turanci. Ta ce ta yi miki kifi, na sa'a."

Kunya ta rufe Barira, ta kasa ko yin ta'aziyya. Yarinyar na riƙe da almakashin kakarta, ta rasa yadda za ta yi da jar takardar.

Barira ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta durƙusa a bakin matakala inda kowa zai gan ta.

"Fold," ta ce a hankali.