Ganyen da ke cikin bokiti

Shekara uku Dokta ta yi tana gwajin wani sabon irin tumatir, wanda ake fatan cutar tabon ganye ba za ta kama shi ba. Layi biyu ne a rumfar gwajin, tsohon iri a hagu, sabo a dama, kuma duka da gangan aka fesa musu cutar. Kullum ƙarfe tara takan zo da littafinta ta ƙirga ganyen da suka yi tabo. Na hagu duk sun rame, na dama kuwa kore shar. Ranar Litinin za a aika da rahoto, daga nan a raba wa manoma irin.

Ranar Alhamis ta yi sammako, bakwai ma ba ta yi ba ta iso. Ta tarar da Baba mai ban ruwa durƙushe a layin dama, da bokiti kusa da shi.

"Dokta, yau gida ya kore ki ne?" in ji shi yana dariya.

Ta leƙa bokitin. Ganyen tumatir ne kusan rabi, kowanne da tabo baƙi.

"Baba, daga ina waɗannan?"

"Daga 'ya'yanki mana. Ai ba a barin ganye mai ciwo a jikin shuka, sai ya shafa wa 'yan'uwansa."

"Tun yaushe kake cirewa?"

"Tun shekarar farko. Wata rana kin ga tabo ɗaya a nan, na ga yadda fuskarki ta yi. Na ce ba za ki ƙara gani ba."

"Na hagun fa?"

"Waɗancan ai ba ki damu da su ba."

Ta zauna a kan buhun taki. Baba ya daina dariya, ya goge hannunsa a jikin riga.

"'Yata, na yi ɓarna ne?"

Ta miƙe. Ta ɗauki bokitin ta wuce ofishin shugaban sashe, ta ajiye masa a kan tebur, ta yi bayani.

Oga ya ture bokitin da bayan biro. "Haba Dokta, ganye nawa tsoho ɗaya zai tsinke? Wataƙila irin nan yana da kyau duk da haka."

"Wataƙila, ranka ya daɗe. Amma ban sani ba, kuma a rahoton na rubuta cewa na sani."

"Manoma na jira. Wasu ma ba su ajiye tsohon irinsu ba."

"Shi ya sa. In sun shuka cutar ta cinye, da wane ido zan kalle su?"

Oga ya ce, "To in kin janye, za a tambaye ni laifin wa. Kin san wanda zai tafi gida."

"Ka ce nawa ne. Shekara uku ina gaishe shi kowace safiya, ban taɓa gaya masa abin da nake ƙirgawa ba."

Litinin ta zo, ba a aika da rahoto ba. Wasiƙa aka aika wa manoma cewa bana babu iri, kuma da sa hannunta.

Ƙarfe tara ta shiga rumfa. Baba yana tsaye a layin dama, kwana huɗu ke nan bai taɓa ganye ba. Can ƙasa tabo ya fito a shuka ta uku, ya fito a ta biyar. Hannunsa ya miƙa da kansa, sai ya janye shi ya haɗa da ɗayan a baya.

"Haka za mu zuba ido yana cin su?"

"Haka, Baba. Wanda ya rayu shi ne namu."

"In duk suka mutu fa?"

Ta buɗe sabon shafi, ta sa kwanan wata. "Riƙe min wannan reshen in ga ƙasansa," ta ce. Ya riƙe, ta fara ƙirgawa.