Kujerar Anti Shiru

Tun ranar da Shugabar makarantarmu ta dawo daga wani taron bita da sabuwar jaka da sabon tsarin ɗa'ar ma'aikata, na san zaman lafiyarmu a laburare ya ƙare. Ni ce mai jera littattafai a kan kantoci. Ta gaba da ni kuwa ita ce wadda yara suka laƙaba wa Anti Shiru, domin da ido kawai take kashe surutu, tun kafin a haifi yawancinsu.

Tsarin ya taɓa kowa, amma mu ya fi ƙauna. An hana mu cin abinci kusa da littafi, abin da dama ba ma yi. An hana mu ɗaga murya, mu da aikinmu ke nan hana wasu. Sai uwa uba, wai ma'aikacin laburare ba zai zauna ba muddin akwai ɗalibi a ɗakin, sai dai ya yi ta zagaye, saboda mai zama yana koya wa yara lalaci. Washegari masinja ya zo ya sungumi kujerar Anti Shiru, wata tsohuwar kujerar katako mai hannu da ta ɗinka wa matashi da kanta, ya kai sito ya kulle.

Anti Shiru ta kusa ritaya, gwiwoyinta kuwa sun riga ta ajiye aiki. Ga laburaren ba ya rabuwa da yara, ba don son karatu ba, sai don nan ne kaɗai fanka ke juyawa a duk makarantar. Haka take wuni tana jan ƙafa daga wannan kanta zuwa waccan, kafin a tashi ƙafar ta yi suntum. 'Yarta da ke zuwa ɗaukarta ta gaya mini kullum sai an gasa mata da ruwan zafi, kuma duk gidan sun taru a kanta ta bar aikin. Ita kuwa ta ƙi. Ba ta son a ce ƙafa ce ta kore ta daga ɗakin da ta raina tun yana da kanta biyu da kwali ɗaya. Kujerarta kawai take so, ta ƙarasa abin da ya rage mata a zaune.

To, tsarin mai tausayi ne, ya tanadi kwamitin sauraron koke, Anti Shiru kuwa ta kai nata. Shugabansa shi ne Mataimakin Shugabar makaranta, wanda muke kira Bisa Ƙa'ida, don ko gaisuwa ce da waɗannan kalmomi yake buɗe ta. Shi da ma'aji da malamin lissafi suka duba makarantar kaf, suka ga babu wurin da ya dace da adalci sai ƙarƙashin fankarmu. Da suka shigo, Mataimaki ya kalli kujerun yara ya yamutsa fuska, ya ce sun yi wa girmansa kaɗan. Ya tura masinja sito. Ina ji ina gani aka shigo da kujerar Anti Shiru, ya zauna daram, har da gyara matashin a bayansa.

Akwai wasu yara a kusurwa suna riƙe da littattafai suna shan iska. Na ce ko a sallame su. Mataimaki ya ce bisa ƙa'ida ba a katse wa ɗalibi karatu. Tunda kuwa akwai ɗalibi a ɗakin, mai koke ta san abin da doka ta ce.

Sai ta tsaya a gabansu, ta faɗi damuwarta ƙasa-ƙasa kamar yadda ta saba. Suka shiga tambayoyi. Gwiwar dama ce ko ta hagu? Tana ciwo lokacin hutu, ko sai ranakun aiki? Ma'aji ya kawo labarin gwiwar surukarsa tun daga farko har inda aka kwana, malamin lissafi kuma ya yi gyangyaɗinsa ya farka ya nemi a maimaita masa. Ina ganin gumi yana bin wuyanta, yatsunta sun damƙe gefen mayafi. Na matsa na raɗa mata ta dafa tebur, ko ma ta sulale ƙasa su gani da idonsu. Ta watsa mini harara irin wadda take yi wa masu surutu. Ita da ta shekara da shekaru yara suna jin tsoron inuwarta, ba za ta zube a gabansu ba. Ta ƙara miƙewa kamar ta haɗiyi sanda.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, Mataimaki ya yi gyaran murya.

"Anti, mun saurare ki," in ji shi. "Bisa ƙa'ida, da hujja muke aiki. Tun da muka zauna kike tsaye, ba ki jingina ba, ba ki ko girgiza ba. Ni da nake zaune ma na gaji. Kwamiti ya gamsu ƙafarki lafiya lau take."

Na cika na yi fam. Ban san lokacin da na ce masa ai ko jaki aka tsayar haka ya nemi wurin kwanciya ba. Nan take kwamiti ya sami aikin da bai sha wahalar yanke hukunci a kai ba, aka yi mini gargaɗi saboda ɗaga murya a laburare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Anti Shiru har yatsa ta ɗora a baki ta yi mini alamar in yi shiru.

Mataimaki ya miƙe, ya yi miƙa, ya daddaɓa hannun kujerar. Ya ce wa masinja kada ya mayar da ita sito, ya wuce da ita ofishinsa, domin tun safe bayansa ke damunsa, amma yanzu ya ji sauƙi. Ya juyo ya tambayi Anti Shiru a ina ta sami wannan matashi mai laushi haka.

"Ni na ɗinka, ranka ya daɗe," ta ce.

Ƙofar laburaren irin mai komawa da kanta ce, masinja kuma hannunsa biyu a cike. Anti Shiru ce ta ja ƙafa ta je ta riƙe masa ita har kujerar ta fice. Washegari 'yarta ce ta maido mabuɗin ɗakin, Anti kuwa ba ta ƙara dawowa ba.